Ƙaho, Tausa da Jiƙo ga Mai Jinyar Ciwon Daji: Wanne Ya Dace, Kuma Yaushe?

  

Tambayar da ta jawo wannan rubutu a nan masallaci aka yi ta, bayan sallar Isha'i. Wani ɗan uwa cikin masu aikin gona a Tamanhint ya ce yayansa yana karɓar maganin ciwon daji a Sabha, irin wanda ake ɗaura wa mutum kamar ƙarin ruwa, wanda mutanen ƙasar nan suke kira kimawi. An yi masa zagaye na biyu kwana tara ke nan, jiki ya mutu, gaɓoɓi na ciwo, ga shi gobe 17 ga wata. Sai ya ce: "Malam, mu kai shi a yi masa ƙaho mana? Ai sunna ce, ko jinin nan da maganin ya gurɓata zai fita."

Amsar da aka ba shi a daren ita ce a dakata, kada aska ta taɓa jikinsa sai likitan da ke duba shi ya ga takardar gwajin jini ya yarda. Na lura wasu a sahu ba su ji daɗin amsar ba, kuma ban ga laifinsu ba. Mutum ya taso yana jin falalar ƙaho, rana ɗaya a ce masa kada ya yi, dole zuciyarsa ta ce: to maganar likita ta fi hadisi ne? Ba ta fi ba, har abada. Sai dai hadisi ne da kansa ya koya mana dakatawar.

Abu Dawud da Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito daga Ummul Munzir, mutuniyar Madina, cewa Manzon Allah (S.A.W) ya shigo gidanta tare da Sayyidina Ali, alhali Ali bai daɗe da tashi daga rashin lafiya ba. Akwai dabino a rataye a gidan. Annabi ya miƙe yana ci, Ali ma ya miƙa hannu, sai Annabi ya hana shi, ya tuna masa cewa yanzu ya tashi daga ciwo. Da matar ta dafa sha'ir da ganyen silƙ ta kawo, sai ya umarce shi ya ci wannan, don shi ya fi dacewa da jikinsa. To ku duba. Mu da muke zaune a Fezzan ba sai an gaya mana darajar dabino ba. Halal ne, mai albarka ne, Annabi yana cikin cinsa a wannan lokacin. Amma an hana Ali saboda halin da jikinsa yake ciki a wannan rana. Ibnul Ƙayyim a cikin Zadul Ma'ad da wannan hadisi ya kafa hujja a kan kiyaye marar lafiya daga abin da zai cutar da shi. Ga kuma hadisin Jabir a Sahihu Muslim, wanda ya rataya waraka a kan dacewar magani da cutar. Ke nan magani yana iya zama na gaskiya amma bai dace da wannan jiki a wannan mako ba. A kan wannan duk sauran bayanin zai hau.

Abin da kimawi yake yi wa jini

Maganin yana bin ƙwayoyin halittar jiki masu saurin hayayyafa ne yana kashewa. Na ciwon daji haka suke, shi ya sa yake cin su. Amma akwai lafiyayyu da su ma suke saurin hayayyafa: tushen gashi, fatar cikin baki da hanji, sai ɓargon ƙashi. Zubewar gashi kowa yana gani. Abin da ke faruwa a ɓargo ne ba a gani, kuma shi ya fi haɗari, domin a ɓargo ake ƙera jini.

Abu biyu za mu riƙe a nan. Na farko fararen ƙwayoyin jini, su ne dakarun da ke yaƙar ƙwayoyin cuta. Na biyu ƙananan ƙwayoyin da ke toshe rauni su tsayar da jini, waɗanda a asibitocin nan ake ce wa safa'ih. A takardar tahlil za ka ga layinsu an rubuta PLT. A jikin lafiyayye sukan kama daga 150,000 zuwa 450,000 a ma'aunin da ake rubutawa. Idan suka sauka ƙasa da 50,000, ƙaramin yanka ma yana iya daɗewa yana zuba. A mafi yawan magungunan kimawi, waɗannan ƙwayoyi sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan ɗaura maganin, daga nan su fara farfaɗowa. Shi ya sa da yawa ake ba su hutun kwana 21 kafin zagaye na gaba, kuma ba a ɗaurawa sai an sake gwada jini.

Yanzu mu koma kan yayan ɗan uwanmu. Ranar 17 ga wata ta faɗo a kwana na goma bayan maganinsa, wato tsakiyar lokacin da jininsa ya fi rauni. Ƙaho kuwa tsaga ne da yawa a fata, sannan a zuƙo jini. Mutumin da ba shi da abin tsayar da jini isasshe, ba shi da dakarun kare rauni, an buɗe masa ƙofofi goma ko ashirin a baya. Ƙwayar cutar da lafiyayye zai kashe bai ma sani ba, a jikin wannan tana iya shiga jini ta kwantar da shi cikin sa'o'i. Maganar fitar da gurɓataccen jini kuma ba haka abin yake ba: hanta da ƙoda ne suke fitar da maganin, yawancinsa cikin 'yan kwanaki. Abin da ƙaho zai cire jini ne kurum, a jikin da yake fama da ƙarancinsa.

Ranakun 17 da 19 da 21 sun zo a ruwayoyin Abu Dawud da Tirmizi, malaman hadisi kuma sun yi magana a kan ƙarfinsu. Ko wanda ya inganta su bai ce wajibi ba ne. Ibnul Ƙayyim ya bayyana cewa zaɓen ranaku na mai yin ƙaho ne don kiyaye lafiya, amma marar lafiya buƙatar jikinsa ake bi. An ruwaito Imamu Ahmad yana yin ƙaho duk lokacin da ya ji buƙata, ba ya jiran rana. Idan buƙata tana sa a bar ranar a yi kafinta, to tsoron cutuwa ya fi cancantar ya sa a jinkirta. Ɗalibanmu sun haddace hadisi na 32 a Arba'una na Nawawi, wanda ya hana cuta da cutarwa, kuma yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Wannan wurin aikinsa ne. Wanda ya bar ƙaho don wannan dalili bai bar sunna ba.

Ƙahon iska, wanda ba a tsagawa, ya fi sauƙi amma shi ma yana tara jini a ƙarƙashin fata, don haka a tambaya tukuna. Bayan an gama magani jini ya dawo daidai, ƙofar a buɗe take idan likita ya amince, da sharaɗin aska sabuwa da kofi sabo ga kowane mutum. Wannan sharaɗi na kowa ne, mai ciwo da lafiyayye. Ciwon hanta nau'in B da C ta aska ɗaya suke bi daga jiki zuwa jiki, kuma nau'in B yana cikin manyan abubuwan da ke jawo dajin hanta a ƙasashenmu.

Wani abu da ya kamata duk gidan da ke jinyar mai kimawi ya mallaka shi ne ma'aunin zafin jiki, kuɗinsa kaɗan ne a kowace saidaliyya. Idan zafi ya kai 38, ko marar lafiya ya kama kakkarwa, asibiti za a nufa a wannan lokacin ko da ƙarfe biyun dare ne. Ba a ba shi Panadol a ce a ga safiya, domin zai rufe zazzaɓin ne cutar tana ci a ciki. Tsakaninmu da Sabha kimanin kilomita 30 ne, ba nisa ba ne ga mai mota, amma ga wanda ke kwana a gona da dare nisa ne. A san tun da wuri wanda za a kira. Wannan aikin jama'ar masallaci ne.

Sakiya da tsaga a kan kumburi

A gida an saba cewa daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, da zarar an taɓa shi sai ya haukace. Da wannan magana ake hana mata zuwa a ɗebi ɗan nama a gwada. Abin mamaki, mutanen da suka hana allurar likita su ne za su kai ta a yi mata sakiya ko tsaga a kan kumburin, a cusa garin magani, kai ka ce ƙarfen wanzami ba ƙarfe ba ne. Abin da mutane suka gani har suka yarda da maganar shi ne, ana kai marar lafiya asibiti bayan ciwo ya gama cin jiki, a taɓa shi, ya rasu, sai a ɗora wa allura. Jinkirin ne ya yi aikin. Kumburin daji ba maruru ba ne, babu ruwan da za a fitar a huta. Idan aka fasa shi yakan zama gyambon da ba ya rufewa, yana jini yana wari. Ƙona fata da ƙarfe mai zafi, wanda a nan ake kira kayy, hukuncinsa ɗaya. Hadisin Ibnu Abbas a Bukhari da ya ambaci zuma da ƙaho da ƙona fata, a ƙarshensa Annabi ya hana al'ummarsa na ukun.

Tausa

A nan labarin mai daɗi ne. Tausa mai taushi ba ta yaɗa ciwon daji. Yaɗuwar ciwon daga canjin da ke faruwa a cikin ƙwayoyinsa take, ba daga shafar hannu ba; da motsin jini ne ke yaɗa shi, da tafiya masallaci ma ta yaɗa shi. Manyan asibitocin daji a duniya suna da masu tausa da aka horar don marasa lafiyarsu. Asibitin Memorial Sloan Kettering na Amurka ya fitar da rahoto a 2004 a kan mutum 1,290 da aka yi wa tausa, suka ce ciwo da gajiya da damuwa da tashin zuciya sun ragu da kusan rabi bayan an gama. Ba a gwada su da wasu da ba a yi wa ba, don haka a sassauta wajen kafa hujja da shi. Wani bincike na 2008, shi ma a Amurka, a kan mutum 380 da ciwonsu ya yi nisa, ya raba su biyu: wasu tausa, wasu kuwa ɗora hannu kawai a jikinsu a natse. Masu tausa sun fi samun sauƙi nan take, amma waɗanda aka ɗora wa hannu su ma sun samu. Sauƙin na ɗan lokaci ne, kuma ba ya rage girman ciwon. To amma wanda ya kwana uku bai runtsa ba ya san darajar barcin dare ɗaya.

Da na karanta wannan sai na tuna hadisin Nana A'isha a Bukhari da Muslim, cewa Annabi yakan shafi marar lafiya da hannunsa na dama yana masa addu'a, da kuma abin da ya koya wa Usmanu ɗan Abil As na ɗora hannu a wurin da ke ciwo. Irin wannan taɓawa babu ranar da aka hana ta. Da yawa cikinmu a ƙasar nan ba mata, ba uwa, ba 'ya'ya a kusa. Wanda ciwo ya kwantar a ɗakin gona yana iya yin wata guda ba hannun da ya taɓa shi sai na mai allura. Ka zauna kusa da ɗan uwanka, ka riƙe hannunsa, ka shafa masa kafaɗa da tafin ƙafa da ɗan man zaitun. Ciwon daji ba a ɗaukarsa ta taɓawa ko cin abinci tare. Mace kuma 'yar uwarta mace ce za ta yi mata, ko mijinta.

Matsalar ita ce tausarmu ta gida ba shafa ba ce. Murza ce da danna da lanƙwasa har gaɓa ta yi ƙara, wani lokacin a sa yaro ya hau baya ya tattaka. Ga mai ciwon daji wannan akwai wuraren da take kisa.

Ƙashi ne na farko. Dajin mama da na huhu da na furostet suna yawan sauka a ƙashi, musamman ƙashin baya da ƙugu da haƙarƙari, su rarake shi ta ciki kamar yadda gara ke yi wa azara. Daga waje lafiya lau, a danna ya karye. Saboda haka mai daji da ya ce bayansa na ciwo ba a tattaka shi, ba a kai shi wurin maɗori. Idan ciwon bayan ya zo da nauyin ƙafafu, ko sagewa, ko fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba da saninsa ba, alama ce ciwon yana danne laka. Wannan na gaggawa ne, kwana ɗaya yana iya raba tsakanin wanda zai ci gaba da tafiya da wanda zai shanye.

Na biyu ƙafar da ta kumbura. Ciwon daji da maganinsa suna sa jini saurin daskarewa a jijiya, abin da Larabawa ke ce wa jalɗa. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura, sha-raɓa ta yi zafi tana ciwo, abin da hannu zai fara yi shi ne murzawa, kuma shi ne mafi munin abin da za a yi. Gudan jinin yana iya ɓallewa ya bi jijiya ya toshe huhu, mutum ya faɗi nan take. Doguwar tafiya a mota tana ƙara wannan haɗari, ga masu zuwa Misrata ko Sabrata ko Tarabulus karɓar magani, balle masu bin hanyar Gatrun zuwa Agadas. A riƙa sauka ana miƙe ƙafa, a sha ruwa.

Na uku hannun matar da aka yi wa aikin mama aka cire mata kaluluwar hammata. Wannan hannu yana iya kumbura ko bayan shekaru, domin an rage hanyoyin da ruwan jiki ke komawa. Ba a murza shi da ƙarfi, ba a yi masa ƙaho, ba a gasa shi. Akwai tausa ta musamman da ake yi masa, mai taushi ƙwarai, a sashen motsa gaɓoɓi na asibiti ake koyar da ita.

Sai wurin da ake yi wa gashi na asibiti, wato hasken da ake harbawa da na'ura. Fatar wurin takan zama kamar ta ƙuna. Kada a murza, kada a shafa mai ko man zafi sai wanda suka ba da, kada a goge alamar da suka zana. Kada kuma sunan ya ruɗe mu: gashin asibiti daban, gashin tsumma da ruwan zafi daban, na biyun ba ya taimakon na farko. Haka kan kumburin kansa, da wurin ɗinki, da ƙaramar na'urar da ake dasawa a ƙirji don shigar da magani, duk a kewaye su. A makon da jini ya yi ƙasa kuma, shafa kawai, don danna kaɗan yana tara jini.

Zafi ma a kula da shi. Wasu magungunan suna sage tafin hannu da na ƙafa, mutum ya daina jin zafi yadda ya kamata. A sanyin Fezzan na dare ya kara ƙafa a kaskon wuta ko ya tsoma a ruwan zafi, sai ya ƙone bai sani ba. Wanda aka manna wa filastan kashe ciwo mai ƙarfi kada a gasa wurin, zafi yana sa maganin ya shiga jini fiye da kima. Binne jiki a rairayi mai zafi, irin wanda ake yi a Siwa ta Masar da wasu wurare na sahara don ciwon gaɓoɓi, ba na mai kimawi ba ne ko kaɗan.

Abin da ake sha

Shagunan masu kayan ganye a Sabha cike suke, ga kuma ƙullin sassaƙe da ake aiko mana daga gida. Duk wanda ya zo dubiya da nasa. A nan ƙa'idar mai sauƙi ce: abin da aka ci a matsayin abinci daban, abin da aka tattara aka sha da yawa a matsayin magani daban. Citta a shayi, tafarnuwa a miya, zogale da aka dafa sosai, habbatus sauda kaɗan a kan burodi, ba su ne abin tsoro ba. Citta ma an gwada ta a kan masu kimawi an ga tana rage tashin zuciya ga wasu. Talbina, kunun sha'ir da Nana A'isha ta ruwaito falalarsa ga zuciyar marar lafiya, ga sha'ir nan a ko'ina a ƙasar bazin. Zuma abinci ce mai kyau, har likitoci na amfani da ita wajen rage gyambon baki ga masu gashin wuya, sai dai mai ciwon suga ya yi hattara, don wasu allurai da ake haɗawa da kimawi suna ɗaga suga.

Jiƙo da kwalaben haɗi su ne matsala. Hanta ce take sarrafa yawancin magungunan daji, ita ce kuma take sarrafa ganyen. Wani ganye yana sa ta kore maganin da wuri ya rasa ƙarfi, wani yana sa ta riƙe shi ya zama guba. A 2002 likitoci a Rotterdam ta ƙasar Holan sun gwada wani ganye da Turawa ke sha don damuwa, suka tarar ya rage ƙarfin maganin dajin hanji mai suna irinotecan a jini da kashi 42 cikin 100. Wannan ganye ne da aka san sunansa aka auna shi. Ina ga ƙullin da ba a san me ke ciki ba? Idan jiƙo ya taɓa hanta ko ƙoda, gwaji zai nuna, likita ya ɗage zagayen, ciwon kuwa ba ya jira. Sanamaki da sauran masu sa gudawa, a jikin da ke amai, a zafin bazarar nan, suna iya busar da mutum su taɓa masa ƙoda. Tafarnuwa da citta da kurkum idan aka sha su da yawa suna ƙara tsinka jini.

Wani zai ce hadisin habbatus sauda fa, ai Bukhari da Muslim ne suka ruwaito cewa waraka ce daga kowace cuta ban da mutuwa. Hadisi ne ingantacce, mun yi imani da shi. Amma a duba Fathul Bari a ga yadda malamai suka fahimce shi. Ibnu Hajar ya kawo maganar Khaɗɗabi cewa lafazi ne gamamme da ake nufin keɓantacce da shi, ya kawo ta Alƙali Ibnul Arabi, babban malamin Malikiyya, cewa zuma ta fi kusa da zama maganin komai amma duk da haka akwai cutar da idan mai ita ya sha zuma za ta cutar da shi. Akwai kuma waɗanda suka bar hadisin a kan gamewarsa. Ko a wurinsu, hadisin bai faɗi adadi ba, bai ce a sha rabin kwalba ba, bai ce a bar wani magani ba. Masu bincike suna gwada sinadarin da ke cikinta a ɗakunan gwaji, amma ba a kai ga nuna tana warkar da daji a jikin mutum ba.

Nonon raƙumi ɗanye da fitsarinsa sun fi buƙatar gargaɗi, don a nan ana samunsu da sauƙi. Hadisin mutanen Uraina a kan wata cuta ce da ta same su a Madina. A Saudiyya likitoci sun bi masu ciwon daji 20 da suka nace sai sun sha, suka wallafa sakamakon a 2023 a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta yankin gabashin Bahar Rum: babu wanda ciwonsa ya ragu, biyu kuma sun kamu da zazzaɓin da ake ɗauka daga ɗanyen nono. Mai kimawi duk nonon da zai sha a tafasa shi.

Addu'a da ruƙya ta shari'a da zamzam da sadaka, waɗannan babu likitan da zai hana, kuma ba su da lokaci. A kiyaye abu kaɗan: ruwan rubutu ko na tofi ya zama mai tsabta, kada a tofa a kan buɗaɗɗen rauni, mai mura kada ya matso fuskar marar lafiya, a rage hayaƙi a ɗaki. Duka da shaƙewa da sunan fitar da aljani ba ruƙya ba ne ga lafiyayye ma.

Mafi girman haɗari

Duk abin da ya gabata a kan wanda ke haɗawa ne. Wanda ya ajiye na asibiti ya koma jiƙo kaɗai, lamarinsa ya fi tsanani. Masu bincike a Jami'ar Yale sun wallafa a 2018 cewa, cikin masu dajin da bai yaɗu ba, waɗanda suka zaɓi maganin gargajiya kaɗai haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran sau biyu da rabi, a dajin mama kuwa fiye da sau biyar. Ajali na Allah ne, amma riƙon sababi umarninSa ne. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1992 ta yanke cewa neman magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga rasa rai ko gaɓa.

Mun san abin da ke korar mutanenmu daga asibiti: kuɗi, rashin takardu, rashin Larabci, da wahalar maganin kansa. Wanda ya ga ba zai iya ci gaba a nan ba ya yanke shawarar komawa gida, kada ya tafi hannu rabbana. Ya karɓi rahoton likita da sakamakon gwajin nama da sunayen magungunan da aka ba shi da ranakunsu. Akwai cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa a Yamai, wadda ta fara gashi a 2021, akwai asibitin koyarwa na Shika a Zariya da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Da takardu za a ɗora daga inda aka tsaya, ba tare da su ba sai a koma farko.

Ga masu sana'ar ƙaho da tausa da sayar da ganye a cikinmu, sana'arku halal ce, Annabi ya yi ƙaho ya biya mai yi ladansa. Amma hadisin Amru ɗan Shu'aibu a Abu Dawud da Nasa'i ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi magani a abin da ba a san shi da saninsa ba. Kafin ka ɗora kofi ko hannu ka tambaya: kana karɓar kimawi ko gashi? Yaushe aka yi maka na ƙarshe? Kana shan maganin tsinka jini? Idan ya ce e, ka mayar da shi wurin likitansa ko da zai ji haushi.

Mai jinya kuma ya tattara duk abin da marar lafiya ke sha, kwalba da ƙulli da gari, ya sa a leda ya kai wa likita ranar ganawa. Da yawa suna ɓoyewa don tsoron faɗa. Likitocin ƙasar nan Musulmi ne, sun san hijama, sun san habbatul baraka, ba baƙon abu za ka nuna musu ba. Wanda Larabcinsa bai kai ba ya zo masallaci a haɗa shi da ɗalibin da zai raka shi ya yi masa tafinta. Wallahu a'alam.